Agogon Teku a Hannun Mutanen Tudu

Mu nan unguwa ba mutanen ruwa ba ne. Daga Abuja zuwa bakin teku a Legas tafiyar yini guda ce a mota, kuma yawancinmu iyakar ruwan da muka sani shi ne tafkin Jabi da madatsar Usuma, su ma kallo daga nesa. Amma duba hannun wasu 'yan'uwanmu 'yan canji a Zone 4, ko manyan 'yan kasuwarmu na Wuse, za ka ga agogon da aka ƙera don masu nutso a ƙarƙashin teku, irin su Rolex Submariner da Omega Seamaster.

Son agogo ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun taso mun ga iyayenmu suna dawowa daga Makka da Seiko 5 ko Rado, a ɗaura shekara da shekaru, har a bar wa ɗa. Bambancin shi ne na yanzu kuɗinsa ya kai na fili, shi ya sa maganar kula da shi ta zama maganar dukiya.

Irin wannan agogo ya samo asali ne a 1953, lokacin da kamfanin Blancpain ya fitar da Fifty Fathoms, Rolex kuma ya ƙera Submariner, dukkansu a ƙasar Suwizalan. Submariner na yau yana jure nutson mita 300. Zoben da ke kewaye da fuskarsa gefe ɗaya kawai yake juyawa, don ko ya goce, mai nutso ya fito da wuri maimakon ya makara. Ba ya amfani da batir. Motsin hannunka ne ke wana shi, in ka ajiye kuma sabon samfurin zai yi kamar awa 70 kafin ya tsaya. Agogo sarkin aiki, amma wannan sai kai ma ka motsa.

To mu ina namu nutson? Alwala, sau biyar a rana. Ga zufar watan Maris, ga ƙurar hunturu. Abin da ke tare ruwa kuwa ba tsadar agogon ba ce, wasu 'yan zobban roba ne a ciki, da kan da ake murzawa a gefe. In ka gyara lokaci ka manta ba ka murɗa kan ya kulle ba, buta ɗaya ta isa ta yi ɓarnar da teku bai yi ba. Da zarar ka ga raɓa a cikin gilashi, kada ka jira gobe, tsatsa ba ta jira. Robar nan tana tsufa, man da ke cikin injin yana bushewa. Rolex da kansa yana ba da shawarar a yi wa agogo cikakken sabis kamar duk shekara 10, a kuma riƙa gwada ko har yanzu yana tare ruwa.

A nan ne gizo ke saƙa. Muna da masu gyaran agogo a kasuwanninmu, masu hannu ƙwarai, mun gode musu. Amma kafin ka miƙa, tambayi malam ko yana da na'urar gwajin matsin ruwa da kayan gyara na asali. In babu, kai masa Seiko, wannan kuwa a nemi inda aka tanadi kayan aikinsa. Sauran kulawar ba ta cin ko sisi: wanke shi da ruwa mai tsabta da burushi mai laushi, nisanta shi da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, kada a gyara kwanan wata da tsakar dare. Katin garanti da rasit kuma a adana su kamar takardar gida, domin jabu ya cika gari, kuma ranar sayarwa ko rabon gado su ne shaida.

Mu faɗa wa juna gaskiya. In lokaci kawai ake nema, Casio mai batir ya fi shi daidaito, wayar aljihunka ma haka. Wanda Allah ya hore wa ya saya da halaliyarsa, na ƙarfe ba na zinare ba tunda malamai sun gaya mana hukuncin zinare ga maza, babu laifi. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Damuwarmu ita ce samarinmu da ke narkar da jari, ko su ci bashi, don a gan su da shi a wurin ɗaurin aure, alhali kuɗin sabis ɗaya ya fi ƙarfinsu.

Kafin ka saya, ɗan'uwa, lissafa abu uku: kuɗin makarantar yara ya fita? Jari bai girgiza ba? Za ka iya riƙe shi shekara 20? In amsar duka e ce, Allah ya sanya albarka, ya sa jikanka ya ɗaura. In ko ɗaya ta gaza, Seikon baba na nan a cikin akwati, girgiza shi kaɗan ka ji yadda zai tashi.