Gyara ko Sayen Sabuwa: Labarin Wata Kafireta a Fakku

Fakku gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato. Hanyoyin ƙauyukan wannan yanki da rani yashi ne, da damina kuwa laka da zaizaya, don haka motar da ke jure musu ba a raina ta ko da ta tsufa. Wani dattijon direba a garin yana da irin wannan mota: Land Rover samfurin Series III, wadda aka riƙa ƙerawa a Ingila daga 1971 zuwa 1985, mai injin fetur na lita 2.25. Da ita yake kai gero da dawa da wake kasuwa, da ita kuma ake ɗaukar mai naƙuda in dare ya yi.

Motar ta daɗe tana shan mai fiye da ƙima, yana haƙuri da ita. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, sai haƙuri ya zama asara. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi ƙirin, in ya ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya yi ta sassarfa kamar zai mutu. Babban ɗansa ya ce, "Baba, a sayo sabuwar kafireta a Sakkwato, ko a rabu da motar." Dattijon bai musa ba, amma ya san kuɗin sabuwa zai taɓa kuɗin taki, ga damina ta kankama. Ya kuma san kasuwa cike take da jabu, wadda kan yi kyau a ido ta gaza a hanya. Sai ya lallaɓa da motar zuwa Tambuwal, wurin wani tsohon bakanike.

Aikin kafireta gauraya iska da fetur ne kafin su shiga injin, kusan awo 15 na iska ga awo 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Tana da maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Iska in ta zo nan sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta zuƙo fetur ta wasu 'yan ramuka masu kama da kafar allura. A gefe akwai ɗan kwano mai ajiye mai, da wani abu da ke yawo a kansa kamar ƙwarya a bisa ruwa. In kwanon ya cika, sai abin ya tura allura ta toshe mashigar. Idan mai ya rinjayi iska, hayaƙi ya yi baƙi. Idan iska ta rinjaya, injin ya yi zafi ya rasa ƙarfi.

Bakaniken bai fara da kwance kafireta ba. Ya sa an tayar da injin, ya saurara, ya shinshina hayaƙin. Ya duba ɗan kofin gilashi da ke jikin famfon mai, ya tarar da ruwa da ƙasa a gindinsa, gadon fetur ɗin jarka da ake saye a bakin hanya. Ya buɗe matatar iska, wadda a irin wannan mota baƙin mai ake zuba mata don ya kama ƙura, ya iske man ya yi kauri kamar kunu saboda ƙurar hunturu. Duka biyun ya wanke, amma hayaƙin bai sauya ba. Daga nan ya kama ƙusar da ke daidaita mai, ya murza ta har ƙarshe. A ƙa'ida injin ya kamata ya mutu, tunda an rufe masa hanya. Bai mutu ba.

"Alhaji, wagga mota tana shan mai ta bayan gida," in ji shi. "Akwai inda yake satar hanya."

Kafiretar ƙirar Zenith 36IV ce, kuma masu sana'ar sun san lagonta. Gangar jikinta ɓari biyu ne da aka haɗa, zafin shekaru yakan sa fuskokinsu su karkace, ɗan zoben robar da ke tsakani kuma ya bushe, sai fetur ya riƙa tsiyaya cikin maƙogwaro ba tare da awo ba. Wasu kan cire ta su sa Weber 34ICH. Shi kuwa bakaniken ya ɗauko falon gilashi, ya shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kai, ya jiƙa ta, ya riƙa goga kowane ɓari a hankali yana kewayawa, har fuskar ta yi haske bai ɗaya. Ya hura ramukan da iska. Da yaron gareji ya miƙo waya don a zura, sai ya hana, domin waya tana faɗaɗa ramin, ramin da ya faɗaɗa kuwa ba ya komawa. Ya sa sabon zobe, ya mayar da komai. A wannan karon da ya murza ƙusar, injin ya yi shiru. Ya sassauta ta kaɗan-kaɗan har sautin ya zauna. Dattijon ya biya kuɗin zobe da na hannu, kuɗin taki ya tsira.

Mai nazarin Hausa da ya tsaya a irin wannan gareji zai ji harshe hawa biyu. Sunayen sassa aro ne daga Ingilishi da aka lanƙwasa ga tsarin gaɓar Hausa, ana tsarma wasali tsakanin baƙaƙe: fulogi, birki, sifana, lagireto, kafireta. Bayanin cutar kuwa da Hausar jikin mutum ake yin sa. Mota tana tari, tana shaƙewa, tana shan mai, tana numfashi, tana mutuwa a tayar da ita. Da hawa na biyu bakaniken ya gano matsalar, da shi kuma yake koyar da yaronsa. Jerin kalmomin aro ya fi sauƙin tattarawa, shi kuwa wannan ɓangare sai an zauna an ji yadda ake furta shi a bakin aiki.

Lokacin zaman bai wuce ba, ko da yake motocin da ake shigowa da su yanzu injekta gare su, kwamfuta ake jona musu ta faɗi abin da ke damun su. Kafireta tana nan a babur, da janareta, da injin ban-ruwa na masu noman rani. Su ne yaron garejin ya fi kwancewa a kullum, kuma da kalmomin maigidansa yake yi wa masu su bayani.