Wunin da Muka Yi a Maraɗi

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin wata tafiya muka kawo muku.

Mu uku ne, biyu daga Batsari, ɗaya daga Safana, duk jikokin mace ɗaya. Ƙarshen shekarar 2022 aka sa ranar auren yayanmu, iyaye suka haɗa kuɗin lefe suka damƙa mana, aka ce mu je Maraɗi. A lokacin watanni kaɗan ke nan da buɗe iyakar Jibiya, wadda ke rufe tun Agustan 2019. Babu wanda ya taɓa fita Najeriya a cikinmu, saboda haka sai da muka sanar da duk abokanmu cewa za mu ƙasar waje.

Daga Batsari akwai hanyar da ta miƙe zuwa Jibiya, amma ba wanda ya yarda mu bi ta da kuɗin mutane a aljihu. Sai muka zagaya ta Katsina muka kwana, da asuba muka kama hanyar Magama, muka tsallaka Ɗan Isa. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Gero iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, har jakunan ma kamar namu. Allunan bakin hanya ne kawai suka koma Faransanci.

Kunyar farko a teburin mai shayi muka sha ta. Mun ci dogon burodin nan nasu mai ɓawo, muka tambayi kuɗi, ya ce ɗari da ashirin. Muka miƙa masa sefa 200 muna jiran canji. Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce, "Samari, daga Najeriya kuke ko?" Ashe su da dala suke lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Ɗari da ashirin ɗinsa sefa 600 ke nan. Dala 200 ita ce jika, wato sefa 1,000, kamar yadda tsofaffinmu ke ce wa naira 200 jaka. Da ba a kan shayi muka koyi wannan ba, da a rumfar mai shadda za mu koye shi, kuma da ya fi ciwo.

Kafin kasuwa ta cika muka hau kabu-kabu zuwa ƙofar fada. A nan wani dattijo da ke zaune a inuwa ya tambaye mu garinmu. Da muka ce ƙasar Katsina, sai ya ce, "To ai gida kuka zo, 'ya'yana." Sarautar garin sunanta Sarkin Katsina. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi ya mai da ita mazaunin sarauta. Suna da Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka, kamar yadda muke da su. Sunan garin ma sarauta ce a wajenmu, domin hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina. Dattijon ya nuna mana gangaren gulbi, inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi a dawo da mutane kan tudu. Mun yi shekaru muna karatu a makaranta, amma sai a bakin wannan bawan Allah muka ji cewa rabin tarihinmu yana wannan gefen iyaka.

Babbar kasuwa kuwa sai wanda ya gani. Shadda, atamfa, galilar Mali, turare, taliyar Aljeriya, dabinon da ake saukowa da shi daga arewa. Mun riƙe takardar da Inna ta sa aka rubuta mana, muna bi layi-layi. Idan mai kaya ya faɗi kuɗi, ɗayanmu ya ninka da biyar, na biyu ya juya shi zuwa naira a waya, na uku ya ɓata fuska ya ce ya yi tsada. Haka muka raba aikin. Wani Alhaji mai atamfa ya yi ta dariya, ya ce bai taɓa ganin ciniki da kwamiti ba, ya rage mana jika ɗaya saboda ango. Kafin azahar mun haɗa turmi shida da shadda biyu, kuɗin kuma bai ƙare ba. Muka ci shinkafa da wake, muka sayi kilishi da cuku na tsaraba.

Wajen neman abin da za mu sauke abincin da shi ne muka tsaya gun wata mai fura a bakin kasuwa. Tana damawa muna gardamar ko za mu kai Katsina kafin duhu. Sai muka ga ludayin ya tsaya. Ta ce, "Ƙannena, ku mutanen ina ne?" Muka ce Batsari da Safana. Ta ajiye ƙwaryar.

'Yar wani ƙauye ce a yammacin Batsari, bakin dajin Rugu. Ta baro shi a 2020, shekarar da aka kashe mutane a Tsauwa da Dankar, ta biyo dangin mijinta da yara uku. Mahaifiyarta tana cikin garin Batsari a gidan wani ɗan uwa. Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu a Satumban 2021, lambar da take samunta da ita ta daina shiga, ko da aka maido da layin ba ta ƙara shiga ba. Fiye da shekara ba ta ji muryarta ba.

Ta tambaye mu, "An koma? An yi noma bana?"

Mun dubi juna. Mun san ƙauyen. Mun san gonakinsa sun zama saura, rufin ɗakunan ya zube. Da sauƙi mu ce mata ana nan ana komawa, ta ji daɗi, mu sha furarmu mu wuce. Amma mai wannan tambayar wataƙila shawara take yankewa, ko ta kwashi yara ta koma ko ta zauna. Babbanmu ya ce, "Yaya, ba a koma ba tukuna. Ki ƙara haƙuri." Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da damu. Ta ce ko nan ɗin ma, ƙauyukan wajen Madarunfa ba su tsira ba, cikin gari ne da sauƙi.

Ta ƙi karɓar kuɗin fura. Ta kwance bakin zanenta ta ciro jika biyu, ta sa muka rubuta lambar maƙwabciyarta a bayan takardar lefe, ta kwatanta mana gidan da tsohuwar take. Ba ta san sunan ko ɗayanmu ba. Garin da muka ambata kawai ta riƙe.

Ba mu kama hanya a ranar ba, mun kwana gidan wani abokin Baba. Da aka yi sallar magariba muka miƙe za mu shige ciki, mai gidan ya ce ina za mu, ga shayi an ɗora. Sai a lokacin muka lura da abin da jikinmu ya saba da shi. Muka zauna a tabarma a ƙofar gida har wajen sha ɗaya na dare, yara na wasa a titi, babura na wucewa, kuma duk wanda ya wuce sai mun ɗaga kai.

Kwana biyu da dawowarmu muka nemi gidan. Tsohuwar tana nan da ranta. Muka ba ta saƙon, muka buga lambar a wayarmu, muka miƙa mata, sannan muka fita waje muka ba su wuri.

An yi biki lafiya, dangin amarya sun yaba atamfa. Takardar lefen tana nan wajenmu har yau, da lambar a bayanta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa.