Azumi Kafin Ƙaura

Daga Bagudo zuwa Kandi ta Jamhuriyar Benin babu nisa ƙwarai: a bi ta Tsamiya, a ƙetare iyaka zuwa Segbana, sai a miƙa. Amma ga mai iyali, ƙaura ko ta kusa ce tana da nauyi. Sa'ad da na sami aikin kanikanci a masana'antar gurzar auduga a can, 'ya'yanmu uku, uwargida kuma tana da juna biyu.

Muka shirya takardun tafiya da katin rigakafin yara, muka canja naira zuwa sefa. Sai babbar 'yarmu ta ce, "Baba, a makarantar da ake Faransanci, wa zai gane maganata?" Ƙaraminsu kuwa so yake ya sani ko Allah yana jin Hausa a can. Ni ma da nawa tsoron, gama ban manta da rufe iyaka na Agustan 2019 ba, wanda ya raba dangi fiye da shekara guda.

Ezra ne ya nuna mana hanya. Kafin ya kama hanyar Urushalima, ya yi shelar azumi a bakin kogin Ahawa, domin Allah ya kiyaye su da ƙananansu da dukiyarsu (Ezra 8:21). Mu ma muka keɓe kwana uku, manya suna azumi, kowane yaro kuma yana faɗin tsoronsa da bakinsa, muna miƙa shi ga Ubangiji tare.

Ɗan'uwa, idan ƙaura ta same ka, ka zauna da 'ya'yanka a gaban Allah tun kafin ka ɗaure kaya. Shi wanda ya kira ka, ya san sunan kowannensu.