Da Bai Iya Cin Ƙwallo Ba Fa?



Wata Lahadi a ƙarshen watan Mayu na 2025, bayan an tashi daga zumuntar yamma, na tarar da wasunku a gindin dalbejiyar bakin majami'a ana musu har da nuna yatsa. Na ɗauka wa'azina ne ya ratsa ku haka. Ashe zancen Mason Greenwood ake yi. Da yake ni ma ɗan Manchester United ne tun ina makarantar tauhidi, lokacin da muke karo-karon kuɗin man janareta don mu ga wasa, sai na jawo benci na zauna.

Wani ya ce, "Baba Fasto, United ta ƙare a mataki na 15, yaron da suka rabu da shi kuma ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa. Wa ya yi asara?" Wani ya ƙara da cewa kotu ba ta kama shi da laifi ba, kuma mu Kirista ne ya kamata mu fi kowa sanin gafara. Sai wata 'yar'uwa da ta yi shiru tun farko ta ce, "Da ƙanwarka ce fa?" Musun bai mutu ba, amma murya ta sauka.

Ga waɗanda ba su bi labarin ba: Greenwood ɗan wasan gaba ne da ya taso a makarantar horon matasa ta United, yana buga ƙwallo da ƙafar hagu da ta dama kamar duk ɗaya ne a wurinsa. A watan Janairun 2022 'yan sandan Ingila suka kama shi bayan wasu hotuna da muryar da aka naɗa sun bazu a intanet. Daga baya aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe da duka da kuma danne wata mace. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce manyan shaidu sun janye kuma wasu sababbin bayanai sun fito. Shi kansa ya ce bai aikata abin da aka zarge shi ba, ko da yake ya yarda ya yi kurakurai. United ta yi nata binciken, aka ji ƙishin-ƙishin za ta maido shi, sai wasu magoya baya, musamman mata, suka yi zanga-zanga a bakin Old Trafford. A watan Agusta ƙungiyar ta sanar cewa zai ci gaba da wasa a wani wuri. Ya tafi aro Getafe a Sifaniya, a Yulin 2024 kuma Marseille ta saye shi, duk da magajin garin, Benoît Payan, ya fito fili ya ce ba ya son zuwansa. A wasansa na farko a gasar, a gidan Brest, ya ci biyu.

Hukuncin abin da ya faru tsakaninsa da wannan mace ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun masu zaman dalbejiya yake ba. Bai dace mu kira mutum mai laifi a kan abin da kotu ba ta tabbatar ba. Abin da ya dame ni yana wajenmu ne, mu 'yan kallo. Na lura gafararmu tana tafiya da teburin gasa. Makon da ya ci biyu, masu cewa kowa ya cancanci dama ta biyu sukan yi yawa. Da a ce mai tsaron baya ne na benci, wanda ba ya tsinana wa kowa komai, da babu wanda zai buɗe masa labarin ɓataccen ɗa a gidan kallo. Su ma masu yi masa ihu ba duka ne don tausayin mace suke yi ba. Da yawansu sanda suka samu ta dukan abokan hamayya, da kuma ƙungiyarsu ce ta saye shi, da wata waƙar za su rera. Kowane ɓangare yana ambaton matar ne daidai lokacin da ambatonta zai amfane shi.

Na gane wannan halin ne don na taɓa yinsa, ba a filin ƙwallo ba, a kan bagade.

A ikkilisiyar farko da na yi kiwo akwai wani saurayi mai kaɗa mana kibod. Yaron yana da baiwa, in ya ɗora yatsunsa har tsofaffi sukan miƙe. Ya yi wa wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa alkawarin aure, ta ɗauki ciki, ya musanta a gaban dattawa har sau biyu kafin ya amsa. Ba ina cewa wannan da zancen Greenwood abu ɗaya ne ba, ku fahimce ni. Majalisar dattawa ta sa su biyun ƙarƙashin horo na wata shida: kujerar baya, ba hidima, ba cin jibin Ubangiji. Wata uku da farawa sai Ista ta ƙarato. Wani dattijo ya same ni ya ce, "Fasto, sujada ta yi sanyi, ga baƙi za su zo." Ni ma abin da ke raina ke nan. Muka zauna muka ce yaron ya nuna alamun tuba, muka ɗage masa horo. Ranar Ista ya kaɗa, majami'a ta ɗauka, na yi wa'azi a kan alheri har ina share hawaye.

Ita kuwa tana can kujerar baya da cikinta, tana cika sauran wata ukunta. Babu wanda ya kawo shawarar a rage mata, har da ni. Murya ɗaya ce cikin mawaƙa ashirin, rashinta bai rage wa sujada komai ba. Alamun tuban da muka ce mun gani, in na faɗa muku gaskiya, sunkuyar da kai ne da zuwa addu'ar safe. Ban tambaye shi ko ya je ya roƙi gafararta ba. Ban tambaya ko ya sayi ko da sabulu don abin da za a haifa ba. Ita ma ban tambaye ta komai ba. Bayan ta haihu ba ta sake taka majami'armu ba.

Ku karanta 2 Sama'ila sura 13 a wannan makon. Amnon ya ci zarafin Tamar, Dauda ya ji ya husata, amma bai ɗauki wani mataki ba. Amnon ɗan fari ne, magajin gadon sarauta. Absalom ya ce wa ƙanwarsa ta yi shiru, ta zauna a gidansa cikin kaɗaici. Na yi shekaru ina koyar da wannan sura ina ganin laifin Dauda, ban ga kaina a ciki ba. Sai ku haɗa da Luka 19. Yesu ya shiga gidan Zakka tun mutane suna gunaguni, bai jira ya gyaru tukuna ba, wannan gaskiya ne kuma shi ne begenmu duka. Amma tuban Zakka ya kai har aljihun waɗanda ya cuta, ya yi alkawarin mayar musu riɓi huɗu. Mutanen da ya zalunta su ne suka fara ganin canjin, ba masu tafi ba.

Don haka da kuka matsa mini a kan benci, amsar da na ba ku ita ce har yanzu. Ban ga dalilin hana mutumin da ba a kama da laifi ba neman abincinsa da sana'ar da ya iya. Ban kuma ga laifin matan da suka ce ba za su iya tafa masa ba, domin wasunsu sun san irin wannan tsoron a ɗakunansu. Abin da ba zan yarda ba shi ne a kawo mini ƙwallo 21 a matsayin hujja. Ƙwallo tana nuna ƙafarsa na aiki, ba ta faɗin komai game da zuciyarsa, ta alheri ko ta mugunta. In kana son ƙungiyarka ta saye shi don kuna neman mai ci muku ƙwallo, faɗi hakan kai tsaye, kada ka lulluɓe shi da ayar gafara.

Bayan wannan musun naku na nemi inda 'yar'uwar nan take. Ta yi aure a wani gari, tana sujada a wata ɗarika. Na je tare da Mama. Ta kawo mana ruwa, ta kira yaron ya durƙusa ya gaishe mu, ya kusa kai ni tsawo. Na faɗa mata abin da ya kawo ni, na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Baba, ranar Istar nan ina jin wa'azinku daga baya. Na yi ta jira ku juyo wajena."