Da keken batir zuwa Mayo Bani

Da likita ya ce hawan jinina na buƙatar motsa jiki, sai na ari keken batir na ƙanena. Uwargida ta ce ai wannan babur ne na malalata. Ba haka ba ne. Sai ka taka feda injin yake taya ka, gwiwa kawai yake ragewa wahala.

Bayan sallar asuba na bar Mubi, na nufi Mayo Bani. Duwatsun Mandara na hannun dama, wajen iyakar Kamaru, hazo ya lulluɓe kawunansu. Kaka ce, dawa ta sunkuya, mata na tsinkar gyaɗa. "Mayo" kogi ne da Fulatanci, kuma sau biyu rairayin rafi ya sa na sauka na tura.

A dawowa batir ya mutu, don na matsa masa a hawa. Nan na san nauyin keken. Rana ta take, ruwana ya ƙare, jiri ya ɗebe ni. Wata tsohuwa ta zaunar da ni gindin tsamiya, ta miƙo min kunu.

"Ɗana, wa ya kore ka?"

Da la'asar na iso gida a bayan a-kori-kura, ni da keken. Uwargida na bakin ƙofa, tana dariya.