Yaro Mai Tsoro Ba Ya Karatu

Mu iyaye na ƙasar Gumel mun ga taimakon gwamnati a kan karatu. A 1976 aka fara ilimin firamare kyauta. A 2004 doka ta ce tilas kowane yaro ya yi shekara tara a makaranta. Daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, 'ya'yanmu suka shiga aji.

Amma da muka ji an sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka kuma kwashe samari fiye da 300 a Ƙanƙara a 2020, tsoro ya shigo gidajenmu. Waɗansunmu suka so su dawo da 'ya'yansu daga makarantar kwana.

Katanga da mai gadi aikin gwamnati ne. Bari mu je taron iyaye da malamai mu yi tambaya a kansu. Amma yaron da ya daina cin abinci, ko yake firgita cikin barci, a gida za a fara ganinsa. Kada mu ce masa rago. Mu zauna da shi, mu ji bakinsa, mu gaya wa malaminsa. In abin ya daɗe, mu kai shi wurin likita.