Kuɗin ya ƙare a jikin kyamara

Tun da Sony ta fito da A7 III a 2018, shekarar da Canon da Nikon ma suka shigo da manyan kyamarorinsu marasa madubi, magana ɗaya ta kama bakin masu hoton biki: wanda bai riƙe ful-firem ba, yaro ne a sana'ar. Na yi ta ji har ta shige ni.

A lokacin a6400 ta Sony ce a hannuna, mai ƙaramar sensa ta APS-C, da lensi biyu na Sigma, 30mm da 56mm, dukansu f/1.4. Babu amaryar da ta taɓa yi mini ƙorafi. Duk da haka na sayar da kyamarar da na 56 ɗin, na haɗa da ɗan abin da na tara, na ɗauko A7 III ta hannu. Kuɗin ya ƙare a jikinta. Lensin da na iya saye shi ne ɗan 28-70mm da ake haɗowa da ita a kwali. Na sayi doki, babu na sirdi.

Abin da suka faɗa kan sensa ba ƙarya ba ne. Ta ful-firem milimita 36 ce da 24, girman tsohon fim, ta APS-C kuwa wajen 23.5 da 15.6. Babbar ta ninka ƙaramar sau biyu da 'yan kai, don haka ta fi tara haske, hotonta na dare ya fi fita tas. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, sai haske ya bi ta lensi kafin ya isa sensa. Sabon lensina idan aka ja shi zuwa 70mm, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Daga f/1.4 zuwa f/5.6 mataki huɗu ne, kowane mataki yana raba haske biyu, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida ke shiga. Na ci ribar ninki biyu, na yi asarar goma sha shida. Lissafin ɗan firamare ne, amma sai a zauren dina na gane shi.

Fitilun wurin shuɗi da ja ne, masu kyau a ido, marasa amfani ga mai hoto. Na yi ta ɗaga ISO, fuskoki suka yi yashi-yashi. Bayan amarya, da na saba narkar da shi da na 56, ya fito rangaɗau har da masu rabon abinci. Da na kai hotunan, yayar amarya ta duba ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Na bikina sun fi waɗannan." Da tsohuwar na ɗauki nata.

Na koma kan na 30mm da na rage. Yana hawa, don bakinsu ɗaya, sai dai kyamarar kan koma amfani da tsakiyar sensa kawai, megafiksel 24 ya dawo wajen 10. Ga ni da ful-firem ina ɗaukar hoton APS-C, wanda ma bai kai na da ba.

Kyamarar ba ta da laifi. A sa mata lensin da ya dace, ta fi tsohuwar nesa, musamman cikin duhu. Amma irin wannan lensi akwai tsada, akwai nauyi: 24-70mm f/2.8 na farko na Sony ya kusa giram 900, alhali 18-50mm f/2.8 na Sigma, na ƙaramar sensa, bai kai 300 ba. Wanda ya wuni tsaye daga kamu zuwa dina ya san bambancin a wuyansa. A hawan sallah ma ƙaramar ce ke jawo mahayi kusa, don 200mm a kanta yana ganin abin da 300mm ke gani a babbar.

Na daɗe ina hayar 85mm f/1.8 a wurin wani abokin sana'a duk ranar biki, ina cire kuɗin daga ribata, kafin na iya sayen nawa.